Yaya zan yi in samu ganawa mai amfani da malaman ɗana?

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maraɗi, kuma ɗana yana ajin ƙarshe na kwaleji, zai zauna jarrabawar BEPC bana. Makinsa na lissafi ya faɗo zuwa 6 bisa 20, alhali sai da matsakaicin maki 10 ake cin jarrabawar.

Sau biyu ina rufe shago ina halartar taron iyaye da malamai, amma kowane karo maganar kuɗin gyaran tebura da rumfunan zana ce take cinye lokacin, kafin a zo kan karatun yara har an kira sallar azahar, kowa ya watse. Da na tare malamin lissafin a bakin aji, yana kakkaɓe alli daga hannunsa, abin da ya ce kawai shi ne yaron ya ƙara ƙoƙari. Ni kuwa ban yi boko mai zurfi ba, takardar sakamakon ma da Faransanci take, sai maƙwabcina ya karanta mini.

Malamai da iyayen da suka saba, waɗanne tambayoyi ya kamata in shirya domin in gane ainihin inda yaron ya makale? Kuma shin ya dace in nemi ganawa ta musamman ta hannun darakta, ko malamin zai ɗauka ƙararsa na kai?