Me za mu kira "gout" da Hausa, kuma me za mu kira magungunansa?

Mai fassara, Gwammaja:
Assalamu alaikum. Malamai da likitocinmu, ga kalmar da ya kamata a zauna a kanta: gout. Ciwon nan ne da ke kama gaɓa ɗaya cikin dare, galibi gindin babban yatsan ƙafa, ta kumbura ta yi sheƙi, ta ɗau zafi har mutum ba ya son ko mayafi ya taɓa ta. A bakin mutane ana jin "sanyin ƙashi", a rubuce ana ganin "amosanin gaɓɓai", wasu kuma sun fara cewa "ciwon sarakuna". Wanne za mu tsayar? Sannan magungunansa iri biyu ne, su ma suna buƙatar suna.

Likitan gaɓɓai, Tarauni:
Wa alaikumus salam, Malam. Bari mu fara sanin abin da za a raɗa wa sunan. Akwai wani sinadari da ake kira furin, yana cikin ƙwayoyin halittar jikinmu, yana kuma cikin nama. In jiki ya farfasa shi, abin da ya saura shi ne yurik asid. Ƙoda ke fitar da wajen kashi biyu cikin uku ta fitsari, hanji ya fitar da sauran. Idan ya haura kimanin miligiram 6.8 a kowace desilita ta jini, ba ya iya zama a narke, kamar sukarin da aka cika wa shayi ya koma ya kwanta a gindin kofi. Sai ya daskare a cikin gaɓa ya zama 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu tsini, waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu. Ranar da garkuwar jiki ta far musu, ranar ce mutum zai kwana bai runtsa ba. Zogin kan kai ƙololuwa cikin awa 12 zuwa 24, kuma ko ba a sha komai ba zai lafa cikin mako ɗaya ko biyu.

To a nan gizo ke saƙa. Zogin ya tafi, amma masu tsinin suna nan kwance a gaɓar, suna ma ƙaruwa. Don haka duk sunan da zai sa mutum ya ɗauka ciwon baƙo ne da ya zo ya wuce, ni ba na tare da shi.

Malamin Islamiyya, Yakasai:
Likita, Larabawa suna da sunansa tun da daɗewa: niƙris, kuma suna yi masa laƙabi da da'ul muluk, wato cutar sarakuna. Tunda Hausa ta saba aro daga Larabci, me zai hana mu ce "niƙirisi" a huta?

Malamin Hausa, Kabuga:
Allah ya gafarta Malam, aro ba laifi ba ne, amma kalmomin Larabcin da suka zauna a bakinmu sun shigo ne ta hanyar karatu da ibada da ciniki, an daɗe ana tauna su. "Niƙirisi" in aka faɗa wa dattijo a layin ganin likita a Asibitin Murtala, sai an sake yi masa bayani daga farko, daidai da a ce masa "gawut". Ita kanta kalmar Turancin asalinta gutta ce ta Latin, ma'anarta ɗigo, saboda mutanen da sun ɗauka wani mugun ruwa ne ke ɗiga cikin gaɓa. Ba mu da dalilin gadon wannan.

"Ciwon sarakuna" kuwa na ƙi shi gaba ɗaya. A Kano sarauta ba abin jingina wa cuta ba ce, sannan sunan zai sa ɗan dako a Singa ko mahauci a Fagge ya ce shi bai kai matsayin kamuwa da shi ba. Hausa tana da gida a shirye: amosani. Muna da amosanin kai, amosanin ƙashi, amosanin jini da ake faɗa wa sikila. Duk Bahaushe ya san amosani abu ne mai zama a jiki, ya kwanta ya tashi. Abin da ya rage shi ne kalma ta biyu da za ta raba shi da sauran. Na kawo biyu: amosanin nama, ko amosanin babban yatsa.

Mai harhaɗa magunguna, Fagge:
Malam, "amosani" na karɓa hannu bibbiyu. Kafin mu wuce, a binne "sanyi" tukuna. Da zarar an ce sanyi, sai a nufi kemis a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko a karɓo haɗin nan na ƙwayoyi kala-kala a leda, wanda sau tari akwai dikulofenak da deksametason a ciki. Zogi zai lafa, mutum ya mai da shi abin sha kullum, bayan watanni sai ga gyambon ciki, fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙoda ta fara gajiya. Ƙodar da ta gaji kuma ba ta fitar da yurik yadda ya kamata, ciwon ya ƙara samun gindin zama.

"Amosanin nama" shi ma akwai tarko. Gaskiya ne hanta, ƙoda da sauran kayan ciki, tsire da balangu, kifin gwangwani, giya da lemon kwalba duk suna ɗaga yurik. Amma mafi yawan yurik ɗin jiki ne da kansa ke yin sa, kuma a wajen akasarin masu ciwon matsalar ita ce ƙoda ba ta fitar da isasshe, abin da galibi gado ne. Barin nama kaɗai ba kasafai yake sauke shi zuwa inda ake so ba. In muka sa masa wannan suna, mutum zai bar nama ya ce ya gama magani.

Likitan gaɓɓai, Tarauni:
Hajiya ta faɗi gaskiya. "Babban yatsa" ma ya yi ƙunci, don yana kama idon sawu, tsakiyar ƙafa, gwiwa, wuyan hannu da gwiwar hannu. Ga tsofaffin mata kuwa sau da yawa a yatsun hannu yake bayyana. Ni a ganina a ɗauko sunan daga abin da ke cikin gaɓar.

Malamin Hausa, Kabuga:
To a ce amosanin allura?

Ma'aikaciyar jinya, Gyaɗi-Gyaɗi:
A'a Malam, in an ce allura a asibiti, kowa allurar da ake yi wa mutum zai fahimta. Wani zai ce allura ce ta jawo masa, wani ya dage sai an yi masa allura. Amma masu ciwon da kansu sukan ce "kamar ana soka min ƙaya". Me ya sa ba za mu ce amosanin ƙaya ba? Ba wanda bai san cewa ƙaya in ta karye a cikin ƙafa ba, ko an daina jin ta tana nan, kuma sai an fitar da ita ake warkewa.

Malamin Hausa, Kabuga:
Madalla, 'yar'uwa. Ginin ya yi daidai da tsarin harshe, yana da sauƙin faɗa, kuma yana ba mu sauran kalmomin kyauta: ƙayar ta taru, ƙayar ta motsa, ƙayar ta narke. Na janye nawa.

Mai fassara, Gwammaja:
Na rubuta. Saura magunguna. Hajiya, bisimilla.

Mai harhaɗa magunguna, Fagge:
Iri na farko shi ne wanda ake sha lokacin da ciwon ya tashi. Ina ganin a ce masa maganin kwantarwa. Guda uku ne, likita ke zaɓa gwargwadon lafiyar mutum.

Kolcisin, wanda a kwali za ku ga an rubuta colchicine. Ya fi aiki in an sha cikin awa 12 na farko: miligiram 1, bayan awa ɗaya a ƙara 0.5, a tsaya a nan na ranar. Daga washegari 0.5 sau biyu ko uku a rana har ya lafa. Tsohuwar hanyar nan ta "a yi ta sha duk bayan awa har sai gudawa ta zo" an bar ta, don gudawa da amai alamar guba ce, kuma tazarar da ke tsakanin abin da ke magani da abin da ke kisa a wannan ƙwaya ba ta da faɗi. Kada a haɗa shi da kilaritromaisin ko eritromaisin, ko magungunan ƙanjamau masu ritonabir, suna hana jiki fitar da shi. Mai ciwon ƙoda sai an rage masa. A kuma ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa.

Na biyu nafroksen, miligiram 500 safe da yamma bayan an ci abinci. Ba a ba mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai raunin zuciya ko mai shan maganin tsinka jini. Na uku firednisolon, miligiram 30 da safe na kwana 5 kacal, shi ake komawa gare shi in waɗancan biyun ba su dace ba, sai dai mai ciwon suga ya riƙa auna sugansa a kwanakin. A ɗaga ƙafar a kan matashi, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti 15 zuwa 20.

Likitan gaɓɓai, Tarauni:
In ƙara abu biyu. Kada a kai gaɓar da ta kumbura wajen wanzami a yi sakiya ko ƙaho, ba mugunya ba ce a ciki, kuma hanya ce ta shigar da ƙwayar cuta. Sannan in akwai zazzaɓi da rawar ɗari, ko karon farko ke nan, a je asibiti a ranar. Gaɓar da ƙwayar cuta ta shiga kamanninta ɗaya da wannan, ita kuma cikin 'yan kwanaki take lalacewa. Ana zuƙo ruwan gaɓar da sirinji a duba, shi ke raba gardama. Gwajin jini a tsakiyar tashin ciwo yana iya nuna yurik daidai alhali ba haka ba ne, shi ya sa ake maimaitawa bayan mako 2 zuwa 4.

Iri na biyu na magungunan kuwa shi ne ainihin maganin, alofurinol, a kwali allopurinol. Tun 1966 ake amfani da shi, kuma yana da araha. Aikinsa toshe sinadarin da ke ƙera yurik a jiki. Ana ba wanda ciwon ya tasar masa sau biyu ko fiye a shekara, ko mai ƙullutun da ƙayar ke tarawa a ƙarƙashin fata, ko mai tsakuwar ƙoda, ko wanda ƙodarsa ta yi rauni. Wanda gwaji kawai ya nuna yurik ɗinsa ya hau amma bai taɓa ciwo ba, galibi ba a sa shi a kan magani.

Ana farawa da miligiram 100 a rana, mai ciwon ƙoda 50. Duk bayan mako 2 zuwa 4 a auna jini a ƙara 100, har yurik ya sauka ƙasa da miligiram 6 a kowace desilita ta jini, wato 360 in ɗakin gwajin da maikiromol yake lissafi. Mai ƙullutu ƙasa da 5 ake nema masa. Da yawa sai an kai 300 ko sama, kuma babban kuskuren da ake yi shi ne a bar mutum a kan 100 shekara da shekaru ba a sake auna shi ba.

Ga wurin da ake rasa mutane: a watannin farko ciwon na iya tashi fiye da da, saboda tsohuwar ƙayar ta fara sakin jiki tana ɓarɓashi. Sai mutum ya ce maganin ne bai karɓe shi ba, ya watsar. Shi ya sa ake haɗa masa da kolcisin 0.5 sau ɗaya ko biyu a rana na wata 3 zuwa 6. In ma ya tashi, ba a dakatar da alofurinol, a ci gaba da shi a ƙara da maganin kwantarwa.

Malamin Hausa, Kabuga:
Ke nan wannan shi ne maganin narkarwa.

Mai harhaɗa magunguna, Fagge:
Ma'anar ta yi, Malam, amma ina tsoron a ce "ai ta narke" a daina sha. In an daina, yurik kan koma inda yake cikin 'yan makonni, ƙaya ta sake taruwa a hankali. Na fi son maganin kullum, yadda mutanenmu suka riga suka fahimci na hawan jini. A yi amfani da "narkewa" wajen bayani, a bar "kullum" a kan takardar magani.

Dalili ɗaya ne ke sa a tsayar da shi nan take: ƙuraje a jiki, musamman da zazzaɓi, gyambo a baki ko jan ido, galibi a wata biyu zuwa uku na farko. Ba ya yawan faruwa, amma yana iya saɓule fata har ya yi kisa, don haka asibiti kai tsaye, kuma ba a sake gwada shi. Ba a kuma haɗa shi da azatayofirin, wanda masu dashen ƙoda ke sha. Wanda bai iya shan alofurinol ba akwai febuksostat, sai dai ana taka-tsantsan da shi ga mai ciwon zuciya.

Ma'aikaciyar jinya, Gyaɗi-Gyaɗi:
Malam mai fassara, ka saka wannan a takardar don Allah. Ƙwayoyin hawan jini masu sa fitsari, irin su haidirokulorotayazaid da furosemaid, suna ɗaga yurik, haka ma firazinamaid da ke cikin maganin tarin tibi. Kada kowa ya daina su da kansa, a gaya wa likita, wani lokaci yakan canza zuwa losatan, wanda shi yana ɗan sauke yurik. Da azumi, tunda sau ɗaya ake shan alofurinol, a sha bayan buɗa-baki, a kuma yi ta kurɓar ruwa har zuwa sahur, musamman in azumin ya faɗo a zafin Afrilu. Da Babbar Sallah kuwa, kayan cikin da ake fara soyawa ranar yanka su ne suka fi tayar da ƙaya.

Mai fassara, Gwammaja:
An gama da waɗannan. Saura ƙullutun da Likita ya ambata, shi ma yana da sunan Turanci nasa, tophus.

Likitan gaɓɓai, Tarauni:
A ce ƙullutun alli. Yana fitowa a gefen kunne, gwiwar hannu, yatsu da bayan diddige, kuma in ya fashe wani farin abu ne ke fita kamar jiƙaƙƙen alli. Kada a matse shi, kada a tsaga. In aka riƙe yurik ƙasa da 5 yana raguwa da kansa, amma a sa rai da watanni, babba kuma yakan ɗauki shekara biyu ko fiye.