Gwajin hanci ya nuna babu korona, amma likita ya ce ita ce ta taɓa zuciyar 'yata. Ta yaya?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum. A kan tabarma nake rubuta wannan, a gefen gadon 'yata a ɗakin yara na wani asibiti a nan Kano, yau kwananmu huɗu.

Shekararta bakwai. Ƙarshen Disamba kowa a gidanmu ya yi mura, muka ce hunturu ne. Babanta kaɗai aka yi wa gwaji, shi ma don zai yi tafiya, sai ga sakamako wai yana da korona. Ita Ilham kwana biyu kawai ta yi tana jan hanci, ko wasanta ba ta fasa ba. Muka manta da zancen.

Wajen wata guda bayan nan zazzabi ya rufe ta. Mai kemis ɗin layinmu ya ba da maganin maleriya, bai sauka ba, ya ce to taifod ce. A rana ta uku sai amai da ciwon ciki, idanu jajur amma babu kwantsa, leɓe ya tsattsage, ga ƙuraje a ciki da baya. Hajiyarmu ta ce ƙyanda ce, kada a kai ta inda za a yi mata allura. Ni kuwa na san da hannuna na kai ta rigakafin ƙyanda tana wata tara. Rana ta biyar ta kasa tsayuwa, hannu da ƙafa suka yi sanyi ƙalau, muka kwaso ta.

Da farko sun zaci afendis ne. Da aka yi hoton zuciya sai babban likitan ya ce zuciyar ba ta harba jini da ƙarfinta, kuma wai ragowar korona ce. To amma an zura mata tsinken nan a hanci, sakamako ya ce babu. Ta yaya abin da babu shi zai kwantar da yarinya? Kuma ina shayar da ƙaninta ɗan wata takwas, za ta iya shafa masa?

Sista Mai Aikin Dare:

Wa alaikumus salam. Sannu Maman Ilham, Allah ya ba ta lafiya. Ni ma a ɗakin yara nake aiki, kodayake ba a Kano ba, kuma ban ga yarinyar ba, don haka maganar likitanku ita ce a gaba.

Abin da kika zayyana ya yi kama da ciwon da ake kira MIS-C. A watan Afrilun 2020 likitocin yara a Ingila suka fara ankarar da duniya a kansa. Yaro ya kamu da korona, sau da yawa ma ba a sani ba, ya warke, sai bayan sati biyu zuwa shida garkuwar jikinsa ta harzuƙa ta koma faɗa da jikin kansa: zuciya, hanji, fata, idanu, wani lokaci har ƙoda. Galibi ƙwayar cutar ta riga ta tafi, shi ya sa gwajin hanci ba ya ganin komai. Kamar gobara ce, wanda ya jefar da ashanar ya daɗe da wucewa. Akwai gwajin jini da ke nuna jiki ya taɓa haɗuwa da cutar, ki tambaya ko sun yi, amma labarin babanta ma hujja ce da likitoci ke aiki da ita.

Hajiya ba ta yi laifi ba da ta ce ƙyanda, don suna kama. Sai dai ƙyanda da tari da majina take zuwa, ƙurajenta kuma daga bayan kunne da fuska suke farawa su gangaro.

Shi wannan ciwon ba a ɗaukarsa daga wani, ki ci gaba da shayar da yaronki. Ko uwa ce ke da korona, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi ta sa takunkumi, ta wanke hannu, ta ba da nono. Magani kuwa, akan ba da sitiroyid don kwantar da kumburin, da wani ruwan garkuwa mai suna IVIG idan an samu, don yana da tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Akasarin yara zuciyarsu na komawa daidai. Abin da nake roƙonki shi ne, bayan sallama kada ki tsallake ranar da za a sake hoton zuciya, ko da kin ga tana tsalle-tsalle. Iyaye da yawa a nan suke ɓace mana.

Ɗan Kasuwar Kwari:

Allah ya ƙara sauƙi. Amma ni fa abin nan yana ɗaure mini kai. A 2020 aka rufe mana kasuwa, aka ce yara ba ta kama su, yanzu kuma duk zazzabin da aka rasa kansa sai a jingina wa korona. Maman Ilham, ki sa a sake duba taifod ɗin nan.

Baban Sadik:

Malam na Kwari, ba a ce ba ta kama yara ba, cewa aka yi ta fi yi musu sauƙi, kuma gaskiya ne ga yaro mai lafiya. Nawa ɗan sikila ne. Da daminar 2021, lokacin nau'in korona na Delta, ya fara da ɗan tari, kafin kwana biyu ƙirji ya riƙe. Abin nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin ya nuna 86. Kwana tara muka yi, sai da aka yi masa ƙarin jini, oksijin kuma ranar da wuta ta ɗauke sai da aka garo tukunya daga wani ɗakin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne killacewar: uwarsa kaɗai aka bari a ciki, ni ta taga nake ganinsa, shi kuma yana tsoron ma'aikatan saboda shigarsu, ba ya ganin fuskar kowa. Har yau in ya ga mai farar riga da takunkumi sai ya ɓuya a bayana.

Yaran da na gani a wancan ɗakin kusan kowa da abin da ya zo da shi, mai asma, mai ciwon zuciya tun haihuwa, sai wani jariri bakwaini.

Sista Mai Aikin Dare:

Baban Sadik ya faɗi abin da muke gani. Akwai binciken da ya fito a watan Janairun 2022, a kan yara 469 da aka kwantar da korona a ƙasashen Afirka shida, har da Najeriya da Ghana. Wajen takwas cikin ɗari sun rasu, adadin da ya ninka na ƙasashen masu kuɗi. Jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya da masu wani ciwo a jiki su suka fi shan wuya. A ganina ba cutar ce ta fi ƙarfi a wurinmu ba, zuwa a makare ne da ƙarancin oksijin da gadajen kulawa ta musamman.

Malam na Kwari, ai taifod da maleriya da cutar jini su ake fara kawarwa kafin a ambaci wancan sunan. Ga masu ƙananan yara kuma, ku ɗaga riga ku ƙirga numfashi na minti ɗaya yaro yana kwance shiru. Ɗan wata biyu zuwa goma sha ɗaya, 50 ko fiye ya yi yawa. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, 40. In ƙasan haƙarƙari na lotsawa ko ya ƙi nono, ba a kwana da shi a gida.

Maman Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tambaya da safe, sun ce an duba taifod da maleriya tun ranar farko, babu. IVIG ɗin ba a samu ba, sitiroyid suke ba ta ta jijiya, kuma tun jiya da la'asar zazzabin bai dawo ba. Ɗazu ta sha kunun gyaɗa rabin kofi, ta ce a kira mata babanta ya kawo mata littafin zanenta. Fatar yatsunta ta fara saɓulewa, na tsorata, nas ta ce haka yake yi. Ranar Litinin za a sake hoton zuciyar. Hajiya dai har yanzu tana kan bakanta cewa ƙyanda ce, amma ita ce ke riƙe mini yaron a waje, in lokacin shan nono ya yi ta aiko a kira ni.