Bot ɗina na Discord ba ya ganin saƙo, balle ya raba matsayi

Sadik Rigasa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Muna da saba (wato dandalin ƙungiya) a manhajar hira ta Discord, ta matasa masu koyon harshen rubuta manhaja na Python a nan Kaduna, kuma mun yanke a riƙa haɗuwa unguwa-unguwa ranar Asabar, don kada na Rigasa ya kashe kuɗin keke har Barnawa. Sai na rubuta bot, wato ƴar manhaja mai aiki da kanta a cikin sabar, da discord.py (kayan aikin Python na Discord): wanda ya shigo ya faɗi unguwarsu, bot ya karanta ya ba shi matsayin unguwar (role, wato laƙabin da ake manna wa mutum a sabar). Bot ɗin yana tashi, koren ɗigon da ke nuna yana kan layi yana nan, amma in na sa ya buga `message.content`, wato rubutun saƙon, sai ya fito wayam. Abin da ya ɗaure min kai, in na tura masa saƙo shi kaɗai yana karantawa sarai. Don Allah mai sani ya taimaka.

Bashir Malali:
Wa alaikumus salam. Izini ne kawai ya rage maka, Sadik. Tun Satumbar 2022 Discord ta hana bot ganin rubutun mutane a saba sai an kunna masa, amma ta bar saƙon da aka tura masa kai tsaye da wanda aka ambace shi a ciki. Shi ya sa kake ganin rabi. Shiga Developer Portal, shafin Discord na masu rubuta bot, ɓangaren Bot, ka kunna Message Content Intent, sannan a kod ɗin ka sa `intents.message_content = True`. Sai duka biyun, ɗaya ba ya isa.

Kana gama wannan za ka ci karo da kuskuren 403 Forbidden, wato an hana, wajen `add_roles` mai ba da matsayi. Ba bot ɗin izinin Manage Roles, kuma ka ja matsayinsa sama da na unguwannin a jerin, don bot ba ya ba da abin da ke samansa. Kada gajiya ta sa ka ba shi Administrator, izinin da ke ba da iko kan komai. Ranar da token ɗinka, wato makullin sirrin bot ɗin, ya fita, sabar gaba ɗaya ta tafi.

Sadik Rigasa:
Allah ya saka da alheri, Malam. Na yi yadda ka ce, har an ba mutum na farko Tudun Wada.

Hauwa Kakuri:
Ƙanina, tsaya tukuna. Yaya kake binciken saƙon? In `"kawo" in saƙo` ka rubuta, to ranar da wani ya ce "kowa ya kawo cajarsa" ya zama ɗan Kawo ke nan. Sannan mutanenmu ba sa rubuta suna iri ɗaya: wannan T/Wada, wancan tudunwada, wani U/Rimi, wani Ang. Rimi. `.lower()` babban baƙi kawai yake gyarawa.

Ka keɓe zaure (channel) ɗaya na gabatarwa, bot ya saurari nan kaɗai. Ka yi ƙamus ƙarami mai haɗa kowace unguwa da rubuce-rubucenta, ka gwada saƙon dungurungum, ba gutsurensa ba. A farkon `on_message`, wurin da ke karɓar kowane saƙo a kod ɗin, ka sa ya ƙyale saƙon bot, in ba haka ba da ya ce "barka da zuwa Malali" sai ya karanta nasa.

Ni dai da ni ce, maɓallai zan sa kowa ya danna unguwarsu, babu ruwana da karanta saƙon mutane. Akwai ƴan mata a sabar, ba kowa ke son unguwarsu a manne da sunansa ba. Ka sa musu hanyar cirewa.

Bashir Malali:
Maganar Hauwa gaskiya ce. Kuma in kana da umarni masu `!`, ka sa `await bot.process_commands(message)` a ƙarshen `on_message`, in ba haka ba duk za su daina amsawa.