Wace kalma za mu sa wa "thermal throttling"?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum. Ana neman kalmar Hausa ta "thermal throttling", wato halin da farosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, ke rage gudunsa da kansa idan zafi ya yi masa yawa. Ba a iya kwatanta farosesan laftof da na kwamfutar tebur ba tare da an ambace shi ba, kuma "raguwar gudun farosesa saboda zafi" ya yi tsawo a riƙa maimaita shi a kowane sakin layi. Uku na kawo: shaƙewar zafi, jan linzami, birkin zafi. Masana a taimaka.

Injiniya:
Wa'alaikumus salam, Malam. A fara sanin abin kafin a raɗa masa suna. Ɗauki Core i9-13900K na tebur, wanda Intel ya fitar a 2022, da Core i9-13980HX na laftof da ya biyo baya a farkon 2023. Kowannensu ƙwayoyin aiki 24 gare shi, manya 8 da ƙanana 16. Ƙurewar gudun na tebur 5.8 GHz, na laftof 5.6 GHz. A takarda kamar Hassan da Husaini. Inda suka rabu shi ne wuta: na tebur wat 125 aka rubuta masa, yana iya hawa zuwa 253; na laftof wat 55, iyakarsa 157.

Duk wat ɗin da farosesa ya ci, zafi yake komawa, kuma dole a fitar da shi. Akwatin tebur yana ɗaukar ƙaton ƙarfen sanyaya da fanka mai faɗin milimita 120 ko 140, ko ma lagireto mai ruwa. Laftof kuwa bututun jan ƙarfe ne 'yan sirara da fanka ɗaya ko biyu, a matse cikin jikin da kaurinsa bai wuce yatsa biyu ba. Idan zafin da ke shiga ya fi wanda ke fita, ma'auni ya yi ta hawa har ya kai iyaka, digiri 100 ga waɗannan biyun. Daga nan farosesa sai ya sauke gudu da boltej tare, ya ɗan huce, ya sake gwada hawa, a haka yake ta yi sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi.

Malamar Hausa:
To da wannan bayani, shaƙewa ta faɗi. Na san daga inda aka ɗauko ta, asalin kalmar a Turanci maƙurewa ce. Amma wanda aka shaƙe wani ne ya shaƙe shi, kuma cutarwa ce. Mai karatu zai ɗauka kwamfutarsa na gab da mutuwa. Ga kuma wata matsala: idan ƙura ta toshe hanyar iska, "ta shaƙe" za a ce, kun ga an haɗa sanadi da sakamako a kalma ɗaya.

Jan linzami ya fi kyau a ma'ana, don mahayi ba tsayar da doki yake yi ba, rage masa sauri yake. Sai dai linzami ya riga ya samu aiki a harkar kwamfuta, shi ne abin da ake riƙewa a hannu ana dannawa. A ce "farosesa ya ja linzami" sai an tsaya bayani.

Mai Gyara:
Malama, ai kalmar ta daɗe da shigowa Hausa, ba mu lura ba ne. Totur! Ita ce dai wannan kalmar, ta bakin direbobi da kanikawa. Kuma abin da Injiniya ya zayyana rage totur ne, ba taka birki ba. Mai taka birki yana ƙona gudun da ya riga ya samu. Mai rage totur mai yake ragewa injin, gudu ya sauka da kansa. Farosesa wuta yake rage wa kansa. Ni "rage totur" zan ce.

Injiniya:
Oga, ta fuskar aiki kana da gaskiya, har ma ga lissafin. Wutar da farosesa ke ci tana tafiya da gudu sau boltej sau boltej. Rage gudu da kashi 20 cikin ɗari, ka rage boltej da kashi 15, sai ka samu 0.8 sau 0.85 sau 0.85, wato kusan 0.58. An yi asarar kashi 20 na gudu, an tsira da kashi 42 na zafi. Shi ya sa laftof mai cin rabin wutar na tebur ba ya yin rabin aikinsa, yana yin fiye da haka nesa. Ƙarshen gudun nan na sama shi ne mai tsadar wuta.

Amma ga inda totur zai ba mu matsala. Farosesa kullum cikin ƙara totur da rage totur yake. Ka bar kwamfuta ba ta komai, gudunta zai sauka ƙasa da 1 GHz don tattalin wuta, ba zafi ba ne ya sa. Idan muka ce "ya rage totur", ba a san ko hutawa yake ko tilasta masa aka yi ba. Abin da muke nema suna shi ne na tilas: aiki na jiransa, yana so ya yi gudu, an hana shi.

Mai Gyara:
Na karɓi wannan. To amma a raba masu hanawar, don ba ɗaya ba ne, kuma a laftof yawanci ba zafi ne ke fara kamawa ba.

Na farko zafi, an gama bayaninsa. Na biyu iyakar wuta, abin da Intel ke kira PL1 (iyakar dogon aiki) da PL2 (iyakar sama, ta ɗan lokaci). Farosesa yana hawa PL2 na ɗan lokaci, sau da yawa daƙiƙa 28 ko 56, sannan ya dawo PL1 ya zauna, ko da zafinsa digiri 75 ne kawai. Kamfanin da ya haɗa laftof ɗin shi ke saita waɗannan lambobi daidai da abin da fankarsa za ta iya, shi ya sa laftof biyu masu farosesa iri ɗaya ba sa yin gudu ɗaya. Na uku umarni daga waje: caja ba ta kai ba, ko laftof bai gane ta ba, ko wani ɓangare na allon lantarki na cikin laftof ya yi zafi, sai a aika wa farosesa sigina ya faɗo 0.8 GHz ko ma 0.4 ya maƙale a can, alhali jikinsa sanyi ƙalau.

Gane su ba wuya. A jona caja, don a kan batir ana ƙara matse wutar. A buɗe manhajar duba ma'aunai ta HWiNFO a sashen ma'aunai, a kunna manhajar gwada ƙarfin farosesa ta Cinebench R23, gwajin dukkan ƙwayoyi na minti 10. Kada a yarda da zagaye ɗaya, zagayen farko kan ƙare kafin ƙarfen sanyaya ya ƙoshi da zafi, nan ne laftof ke yin kama da na tebur. A dubi abu uku tare: zafi, wat, gudu. Zafi ya manne a 95 zuwa 100, wat na sauka a hankali, zafi ne. Wat ya faɗo lokaci guda ya tsaya cak a lamba ɗaya kamar 45 ko 55, zafi ma ya sauka, iyakar wuta ce. Gudu ya yi ƙasa ƙwarai, zafi da wat duk ƙasa, a duba caja.

Maganin ma daban. Na zafi: a fitar da ƙurar da ta yi tabarma tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen sanyaya, a goge busasshen man isar da zafi da ke kan farosesa a sa sabo, a ɗaure sukurori bi da bi yadda lambobinsu suka nuna don ƙarfen ya zauna daidai, a ɗaga bayan laftof iska ta shiga. Na iyakar wuta kuwa, ko man zinariya aka shafa ba abin da zai canja.

Malamar Hausa:
Madalla. Kun ba ni hujjar birki da kanku. Totur na mai son tafiya ne, birki na abin da ya tare shi ne, kuma ba kowane taka birki ne tsayawa ba, mai gangara yana taɓa shi yana saki. Hakan ne hawa da saukar da Injiniya ya faɗa. Kalma ba sai ta yi daidai da injin ciki ba, ta yi daidai da abin da mai amfani ke gani. Kuma tana shiga jimla ba gardama: "ya taka birkin zafi", "birkin zafi ya kama shi", "ba ya kai wa birkin zafi".

Na biyun, wato iyakar wuta, kada a ce birkin wuta, za a ji kamar birki mai aiki da lantarki. A ce ƙaidin wuta, tun da adadi ne aka yanka masa.

Injiniya:
Bari in gwada su a kan misali. MacBook Air da MacBook Pro na ƙarshen 2020 duk farosesan Apple M1 ne a cikinsu, Air ba fanka, Pro da fanka. A gajeren aiki kafaɗa da kafaɗa suke. Aiki ya yi tsawo, birkin zafi ya kama Air, Pro ya ci gaba. Ta zauna. Ga ɗayar: Core i7-1355U yana taɓa 5.0 GHz, amma wat 15 aka rubuta masa, don haka ƙaidin wuta ke mayar da shi baya a dogon aiki, duk da sunan i7 da yake ɗauke da shi. Ita ma ta zauna. A riƙa duba harafin ƙarshe; a farosesan Intel na wannan tsara ta 2022 da 2023: U wat 15, H wat 45, HX wat 55, K na tebur wat 125.

Kuma kada a ɗauka birkin zafi na laftof ne kaɗai. 13900K ɗin nan, a sake masa wat 253 da ƙaramin ƙarfen sanyaya, zai kai digiri 100 cikin ɗan lokaci ya taka nasa.

Mai Gyara:
Na bi, amma totur ba zai tafi a banza ba. A bar shi ga hawan gudu na ɗan lokaci, wanda Intel ke kira Turbo Boost: "ya ba da totur na daƙiƙa 28, sannan ƙaidin wuta ya dawo da shi."

Mai Fassara:
Na gode, Allah ya ƙara sani. Na rubuta birkin zafi, ƙaidin wuta, ba da totur. Saura na ukun, wanda caja ke jawowa. Malama, kafin a samo masa suna zan sa "birkin waje".