Muhawara: Mu baƙi ne a Sudan ko 'yan gida?

Malam Haruna, Mai Wurno:
Assalamu alaikum. Jiya a wannan zauren ɗanmu Usman ya rubuta cewa Bahaushen Sudan baƙo ne komai daɗewarsa, kuma gidansa na gaskiya yana Najeriya. Ni ban yarda ba. Kakanninmu sun yo gabas ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, sai ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har kusa da Sinnar, suka kafa garin da nake zaune a cikinsa yau. Wanda kabarin kakan kakansa ke bayan garinsu, wa ya isa ya kira shi baƙo?

Usman, Kasala:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ba ni na raɗa mana sunan ba, maƙwabta ne, su da har gobe suke ce mana Fallata ko Takari. A watan Yulin 2022, da Hausawan jihar Nilu Shuɗi suka nemi a ba su masarautarsu, hujjar da aka kafa musu ita ce ba su da ƙasa a wurin, aka yi asarar rayuka, jama'a suka yi gudun hijira daga Rusairis. Idan bayan shekaru fiye da 100 ana tambayarka ina ƙasarka, ai an riga an ba ka amsa.

Hajiya Rabi, Gadarif:
Usman, ɗana, ka taɓa zuwa Najeriyar kuwa? Ni na je Kano na yi wata uku wurin dangin mahaifina, waɗanda suka karɓe ni hannu bibbiyu, amma daga ranar farko sunana ya koma 'yar Sudan, yara suna dariyar Hausata saboda Larabcin da ya gauraye ta. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ni kaina: ga tuwon shinkafa a gabana, raina yana wurin kisra da gahawar jabana. A can na gane cewa kewar da na tashi da ita ta kakata ce, gadonta na yi, ba tawa ba ce.

Malam Haruna:
Hajiya ta taɓo inda ciwon yake. Da yawa daga iyayenmu sun ɗauki kansu a matsayin maniyyata da suka yada zango kafin su ƙetara Jidda ta Suwakin, sai zangon ya zama noman auduga a Jazira bayan kammala madatsar Sinnar a 1925. Mai cewa baɗi zai wuce ba ya neman jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa. Ita ma dokar jinsiyya ta 1957 ta tsananta, domin ta nemi hujjar zaman mutum ko kakanninsa a Sudan tun 1897, sai dokar 1994 ce ta dawo da ma'aunin zuwa 1956. Rashin takarda ne, ba rashin asali ba.

Usman:
Na ji, Baba, kuma na janye maganar cewa gidanmu yana Najeriya, tunda ban taɓa taka ta ba. Kalmar baƙo ce ba zan janye ba tukuna, domin ina da jinsiyyata a aljihu, amma duk shingen da na tsaya a hanyar Kasala zuwa Gadarif, ana duba takardar, a dubi fuskata, sannan a tambaye ni ƙabilata.