Wa ya taɓa yanke maganin sitiroyid farat ɗaya? Ku zo mu ji yadda ta kaya

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son jin ta bakin waɗanda abin ya taɓa faɗa wa, don ni har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Wata bakwai na yi ina shan firednisolon, wani maganin sitiroyid, saboda ciwon gaɓoɓi. Da na ga fuskata ta cika ta yi zagaye, bayan wuyana ya fara tozo, sai na zubar da ragowar ƙwayoyin ban gaya wa kowa ba. A kwana na uku na kasa sauka daga gado. Amai, ciwon ciki, da na miƙe sai duhu ya rufe min ido. A asibiti aka tarar awon jinina na BP ya yi ƙasa sosai, aka yi min allura ta jijiya aka sa min ƙarin ruwa. Likitar ta ce wai adirinal ɗina ne ya yi barci. Barci kuma? Ni ko sunansa ban taɓa ji ba.

Tsohuwar Nas:
Wa alaikumus salam 'yata, sannu. Allah ya ƙara sauƙi. Wasu 'yan tsoka ne guda biyu, kowace na zaune a kan ƙoda kamar hula, nauyin ɗaya bai wuce giram 5 ba. Ɓawonsu na waje shi ke haɗa sinadaran kotisol da aldostiron, cikin kuma shi ke fitar da adirinalin, wanda ke sa zuciya dukan uku-uku in an firgita. Kotisol ne ke riƙe miki jini da sukari, musamman in jiki ya shiga wahala. To firednisolon ɗan uwan kotisol ne, ya ma fi shi ƙarfi wajen ninki huɗu. Da ƙwaƙwalwa ta ga jini a cike da shi, sai ta daina aika wa adirinal saƙon ya yi aiki, shi kuma ya miƙe ƙafa. Ranar da kika yanke, babu na kwalba, babu na jiki. Shi ya sa wanda ya haura mako uku zuwa huɗu yana sha, a hankali ake rage masa. Na ga irinki da yawa a ɗakin gaggawa, kuma kusan duk fuskar ce ta kore su daga maganin.

Mai Shekara Tara Da Addison:
Ni nawa ba yankewa ba ne, adirinal ɗin ne ya mutu murus, abin da ake kira cutar Addison, amma ramin ɗaya muka faɗa. Shekara biyu ina ramewa, ana ta ba ni maganin gyambon ciki da na ƙarin jini. Ba abin da nake marmari kamar gishiri, har a tafin hannu nake zuba shi ina lasa a ɓoye. Matata ce ta fara lura da cewa layukan tafin hannuna sun yi baƙi ƙirin, haka dasashina, har wani tsohon tabo a gwiwata ya rine. A fata irin tamu ba kowa ke ganin wannan ba, sai a ce rana ce. Wani likita ne ya buɗe bakina ya haska da tocila, ya yi shiru, sannan ya ce in dawo gobe da ƙarfe 8 na safe a ɗebi jini, don a lokacin kotisol ke kai ƙololuwa. Daga baya aka yi min allurar gwaji, aka sake ɗiba bayan minti 30 da kuma minti 60. Kotisol ɗin ko motsi bai yi ba.

Tarin fukan da na yi a baya ne ya cinye su. Abin da ya ba ni mamaki, Thomas Addison, likitan Landan da ya fara bayyana cutar a 1855, yawancin marasa lafiyarsa ma tarin fukan ne ya yi musu ɓarnar. Yanzu ina shan haidirokotizon, wato kotisol na ƙwaya, sau uku a rana, na safe ya fi yawa, da ƙwayar fuludirokotizon ɗaya saboda gishirin jiki. Ina aikina lafiya lau. Ai John F. Kennedy da ita ya mulki Amurka.

Sau ɗaya na yi ganganci. Zazzaɓi ya kama ni, na ci gaba da shan adadin da na saba, alhali an gaya min in zafin jiki ya haura 38 in ninka. Ban farka ba sai a gadon asibiti.

'Yar Auta:
Anti Uwar Biyu, ni ko ƙwaya ban taɓa haɗiya ba. Man shafawa ne, mai sitiroyid ɗin da ake kira kilobetasol, aka rubuta min na mako biyu saboda ƙyasbi, ni kuma na mai da shi man yau da kullum, duk jiki, fiye da shekara. Cinyoyina suka yi zane-zane masu faɗi, fatar ta yi laushi kamar takarda. Da na daina sai kasala da jiri. Ashe ta fata ma yana shiga jini.

Mijin Mai Jinya:
Malam mai Addison, abin da ka faɗa na zazzaɓi shi ne ya fi tsorata ni. Tawa matar amai ne ya kama ta cikin dare, duk ƙwayar da ta haɗiya sai ta dawo. Akwai allurar haidirokotizon miligiram 100 a gidan, an koya min yadda ake yi, amma hannuna ya dinga karkarwa har na kasa fasa kan kwalbar sai da na naɗe shi da gefen riga. Na soka mata a cinya, muka kama hanya. Da muka isa, wanda ya karɓe mu ya so mu bi layi, sai da na nuna masa katin da ke jakarta mai cewa tana kan sitiroyid kafin ya kira likita. Tun daga ranar, duk wanda ke kwana a gidanmu sai ya san inda allurar take.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama Nas, an mai da ni kan maganin, ana rage min kaɗan-kaɗan, kuma an ce zai iya ɗaukar watanni kafin nawa ya farka sosai. Ni dai fuskar ce har yanzu take damuna. Tana saɓewa kuwa?

Tsohuwar Nas:
Tana saɓewa 'yata, amma sai adadin ya sauka sosai, kuma ba a mako ɗaya ba. Ki tambayi likitarki ta rubuta miki kati irin na matar wancan bawan Allah, ki kuma tambaye ta nawa za ki sha ranar da zazzaɓi ya zo. Ko haƙori za a cire miki, ki faɗa musu tukuna.