Me za mu kira "virtual machine" da Hausa?

1/ Kwana uku ke nan ina fama da kwamfutar tebur ta shagona, kuma duk wahalar ba ta dame ni kamar rashin kalmar da zan yi wa yaron shago bayani da ita ba. Abin da Turawa ke kira virtual machine shi ne manhaja ta yanki wani ɓangare na ƙwaƙwalwa da ma'ajiyar kwamfutarka, ta tayar da wata kwamfutar a ciki. Kana kan Windows, ga Ubuntu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban da Windows, na aiki a taga guda. VirtualBox, VMware da Hyper-V duk wannan aikin suke yi.

2/ Na ji masu cewa "kwamfutar bogi". Ban yarda ba. Bogi jabu ne, wannan kuwa aikin gaske take yi, har intanet tana shiga. Wani ya ce "kwamfutar inuwa". Ya yi daɗin faɗa, amma inuwa ba ta ci. Wannan tana ci: gigabait 4 na ba ta daga cikin 8 na ƙwaƙwalwa, nan take babbar ta koma tafiyar hawainiya.

3/ Ni dai na tsaya kan "baƙuwar kwamfuta", babbar kuma "mai masauki". Su ma masu fasahar da sunan baƙo da mai masauki suke kiran su.

4/ Ranar da na girka manhajar, baƙuwa ta ƙi tashi. Ashe akwai saiti a BIOS, wato allon saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, da sai an kunna shi, VT-x a na'urar Intel, SVM a ta AMD. Na ce wa yaron, "Ba mu buɗe mata ƙofar zaure ba." Bai sake tambaya ba, ya sake kunna kwamfutar yana danna maɓallin Del har allon saitin ya fito. Idan kuma Hyper-V na kunne a Windows, shi ke riƙe wannan makullin, sai wata manhajar ta yi nauyi ko ta ƙi aiki.

5/ Cirewa ce ta ƙara tabbatar min da kalmar. Na cire manhajar, na duba ma'ajiya, wurin bai dawo ba. Faifan baƙuwar yana nan a jakarsa, sama da gigabait 30, don manhajar ba ta goge aikin mutum da kanta. A jerin hanyoyin sadarwa ma na tarar da wata hanya da ta buɗe wa kanta. Baƙuwa ta tafi ta bar akwatinta a ɗaki, sai da na bi ɗaya bayan ɗaya na kwashe da hannu.

6/ Saura manhajar da ke tsakani, mai raba ɗaki da abinci, wato hypervisor. Zuciyata ta fi kwanta wa "fatoma", mai saukar da fatake a zango. Malamai da masu gyaran kwamfuta, matasanmu za su gane fatoma kuwa, ko mu ce "mai saukar baƙi"?